Ƙwaya Ɗari a Tsumman Buhu

Duk shekara, idan damina ta ɗauke ƙafa, gero ya shiga rumbu, mahaifina yakan zauna a bakin ɗaki da faifai da tsinke da ƙullin irin albasa. Irin albasa baƙi ne, ƙanana, kamar ɓarɓashin gawayi. Da tsinken nan yake ware ƙwaya ɗari cif, goma-goma, sahu goma. Sai ya jiƙa tsumman buhun algarara, ya jera su a kai, ya naɗe kamar tabarma, ya ajiye a gindin randa inda sanyi ke kwana. Yayyafa ruwa safe da yamma aikina ne. Bayan kwana goma ko sha biyu ya warware, ya ƙirga waɗanda suka fid da farin tsiro. In sun kai tamanin, a zuba iri a fangali yadda aka saba. In hamsin ne, a ƙara hannu. In sun gaza talatin, irin nan ba zai ga garkarmu ba, ko wane ne ya sayar da shi.

Abin da ya ɗaure mini kai ina yaro shi ne, har irin da ya tara da hannunsa daga garkarsa sai ya sha wannan gwaji. Wata rana na ce, "Baba, ai wannan namu ne."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Namu na bara ne. Kai ka san abin da zafin bazara ya yi masa a cikin ƙulli?"

A wani ƙauye na kwarin Tarka aka yi wannan magana, kusa da Madawa, ƙasar da jar albasar Galmi ke aurar da ɗiya ta kai tsoho Makka. Yau a Yamai nake zaune, da rubuta manhaja nake cin abinci, ina jagorantar matasa biyar a wani ƙaramin kamfani. Da na zauna na karanta tarihin sana'ar tamu, sai na ga ta yi kusan shekara hamsin tana yawo kafin ta iso inda tsumman Baba yake: a gwada kafin a shuka, a gwada kowace shekara, kuma mai shukar shi ne mai gwajin.

Labarin da kowane sabon shiga ke fara ji na ƙwaro ne. Ranar 9 ga Satumba 1947, masu kula da wata katafariyar kwamfuta mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka suka tarar faɗa-wuta ya maƙale a cikinta ya hana ta aiki. Suka ciro shi, suka manna a littafin aikinsu, littafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian. Grace Hopper, wadda ke cikin ayarin, ta yi ta ba da labarin har ya zama tatsuniyar sana'a, ko da yake tun zamanin Thomas Edison injiniyoyi ke kiran ɓoyayyar matsala ƙwaro. Da ma a ce duk ƙwarinmu masu fiffike ne, da an huta. Namu a cikin tunanin marubuci suke ƙyanƙyashewa, ba a ganin su sai sun yi ɓarna.

Shekara biyu bayan haka, a watan Yuni 1949, Alan Turing ya gabatar da wata gajeriyar takarda a wani taro a Cambridge ta Ingila kan yadda za a tabbatar da doguwar manhaja. Shawararsa ita ce marubuci ya karkasa aikinsa zuwa ƙananan da'awoyi, kowace a iya duba ta ita kaɗai, daga nan a san gaskiyar duka. Goma-goma, sahu goma ke nan. Amma sana'ar ba ta bi wannan hanya ba. Da kamfanoni suka girma, sai aka raba aiki: wasu su rubuta na watanni, in sun gama su miƙa wa wasu mutane dabam, masu gwaji, su zauna da doguwar takarda suna danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Gwaji ya zama aikin ƙarshe, kuma duk wanda ya taɓa aiki da wa'adi ya san makomar aikin ƙarshe. In rubutu ya ci lokaci, daga kwanakin gwaji ake yanka. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Masana sun ga matsalar. A watan Oktoba 1968 ƙungiyar NATO ta tara su a Garmisch ta Jamus, suka yi ta kokawa kan manyan ayyukan da ke wuce wa'adi, su cinye kuɗi, su fito da lahani. Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya yi gargaɗin da har yau ake maimaitawa, cewa gwaji na iya nuna akwai ƙwaro, amma ba ya iya nuna babu. A 1979 Glenford Myers na kamfanin IBM ya fitar da littafi sukutum kan gwajin manhaja, inda ya juya tunanin mutane: mai gwaji farautar kuskure ya fito, ranar da ya kama ɗaya ita ce ranar sa'arsa. Maganganu masu kyau, sai dai gwajin yana nan a hannun mutum, mutum kuwa yana gajiya, yana mantuwa, yana jin kunyar maigida.

Kuɗin wannan sakaci da rai aka biya wani lokaci. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar Therac-25 da ake gasa cutar daji da ita ta zuba wa marasa lafiya shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasu suka mutu, saboda kurakuran manhaja da dogaron da aka yi da ita ba tare da wata kariya ta ƙarfe ba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ariane 5, domin da na karanta shi muryar Baba na ji. Ranar 4 ga Yuni 1996, sabuwar rokar Turai ta tashi daga Kourou a Guyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya. Ba ta cika daƙiƙa 40 ba ta karkace ta tarwatse a sama. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano cewa manhajar da ke gaya wa rokar inda ta dosa daga Ariane 4 aka ɗauko ta, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya lau. Sai dai sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a kwance. Wata lamba ta kumbura, aka nemi a cusa ta a gurbin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767, kamar mai son juye buhu a cikin tiya. Na'urar ta tsaya. Akwai ta biyu da aka tanada don ko-ta-kwana, amma manhaja ɗaya ce a cikinsu, ita ma ta riga ta faɗi a kan dutsen nan. Ba a taɓa gwada wannan sashe da ainihin hanyar tashin Ariane 5 ba. An ce ai namu ne. Namu na bara.

Sauyin ya zo daga wajen marubutan da kansu. Kent Beck, wani Ba'amurke, ya tsara ɗan ƙaramin kayan aiki mai suna SUnit, wanda ke ba marubuci damar rubuta gwaji da yaren da yake rubuta manhajar. A 1997, a cikin jirgi daga Zurich zuwa Atlanta, shi da Erich Gamma suka rubuta irinsa na yaren Java, suka sa masa JUnit. Dabarar ba ta da wuya. Ka rubuta ƴar ƙaramar manhaja da ke yi wa babbar tambaya wadda ka riga ka san amsarta. Misali: in na ba ki dala ashirin, sefa nawa ke nan? In ta ce 100, layi ya yi kore. In ta ce wani abu dabam, ya yi ja. Ka tara irin waɗannan tambayoyi ɗari, dubu, na'ura ta yi su duka kafin shayinka ya huce, kuma gobe ta sake yi ba ta ƙosa ba. Beck ya ƙara da cewa a rubuta tambayar kafin a rubuta aikin, a ga ja tukuna, sannan a yi abin da zai mai da shi kore. Littafinsa na 2002 a kan wannan hanya ya yaɗa ta ko'ina.

Sauran kayan suka biyo. A 2001 aka saki CruiseControl, manhajar da ke zaune tana gadi: duk wanda ya taɓa ko layi ɗaya, ta sake gudanar da gwaje-gwajen kaf ta faɗa wa kowa sakamako. Kohsuke Kawaguchi, ɗan Japan da ke aiki a Sun Microsystems, ya yi Hudson, wanda ya koma Jenkins a 2011. A 2004 Jason Huggins ya yi Selenium a Chicago, mai danna maɓallan shafin intanet kamar yatsan mutum. Yawancinsu kyauta ne. Duk wanda ke da kwamfuta a Tawa ko Ƙwanni yana iya sauke su yau da daddare.

Mu ma mun san da su. Sanin bai hana mu abin da ya same mu ba.

Wata ƙungiyar manoman albasa a yankinmu ta ba mu aikin manhajar waya da za ta riƙa rubuta bashin iri da taki da man injin ban ruwa, a biya bayan cira. Kowa a Nijar ya san da Hausa ba a ƙirga kuɗi da sefa, da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar. Manomi ya ce dala ɗari, 500 yake nufi. Don haka muka sa wakilin ƙungiyar ya rubuta yadda manomi ya faɗa, manhaja ta ninka sau biyar ta ajiye. Haka ta yi ta aiki lafiya. Wani dare, ina gyaran wani abu can dabam, na ga kamar wurin ajiyar ba ya ninkawa, na ƙara layi ɗaya. Ashe allon shigarwa ya riga ya ninka. Ni na rubuta layin, ba yaro ba. Na duba da ido, na ga ya yi, na tura, na kwanta.

Sati uku ba wanda ya lura. Sai da aka zo karanta bashi a bainar jama'a, mutumin da ya karɓi kayan jika goma ya ji an kira masa jika hamsin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka kusa ba hamata iska, aka ce wakili ɓarawo ne, yaron da bai ci ko dala ba.

Na hau mota na yi tafiyar nan ta kusan kilomita 500 na je da kaina. A gindin wata bishiya, kusa da rudun albasa, na tarar da dattawan. Na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, laifin nawa ne, yaron nan ba ruwansa." Na yi ta bayanin ninki biyu. Shugaban ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mun ji. Amma kafin ka kawo mana abin nan, ba ka zuba masa bashin mutum ɗaya ka ga abin da zai ce ba? Ai kai ɗan wane ne." Ya ambaci sunan mahaifina. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

A hanyar komawa na tuna cewa ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a bakin duniyar Mars, saboda wani ɓangare na lissafa ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗayan yana zaton da ma'aunin newton aka ba shi. Bambancin nasu kusan ninki huɗu da rabi ne, nawa ninki biyar. Na ɗan yi murmushi, amma bai rage mini komai ba. Su ƙarfe suka rasa. Ni na kusa ɓata sunan ɗan mutane a garinsu.

Da na dawo na yi abin da mai jin kunya ke yi, na wuce gona da iri. Na kafa doka: daga yau komai sai an gwada. Muka rubuta gwaje-gwaje masu bin allo daga farko har ƙarshe, masu nauyi, suna cin kusan awa guda, in intanet ya yi tari su faɗi ba dalili. Cikin wata biyu ja ya zama kayan ado. Ƙaramar cikinmu ta ce mini, "Yaya, karen da ke haushin kowace akuya, ranar da ɓarawo ya zo ba mai fitowa." Gaskiya ta faɗa. Mun sayo kayan aikin, al'adar ce ba mu da ita.

Ashe manya ma sun sha wannan. A 2006 wasu injiniyoyin Google, da suka gaji da wa'azin da ba ya shiga, suka fara manna takarda mai shafi ɗaya kan dabarun gwaji a cikin bayan gida na ofisoshinsu, inda mutum ba shi da abin karantawa sai ita. Kamfanin da ya fi kowa na'ura, da takarda da gam ya koya wa mutanensa ɗabi'a.

Ni kuwa darasina daga dangin uwata ya zo, mutanen Keita. A lokacin farin 1984, wanda tsofaffinmu ke kira El Buhari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na jagorancin fasaha, hukumar PAM na ba da abinci a madadin lada. Maza sun tafi cin rani, mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun. Aka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka yi shingaye a kan fako, aka datse ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana cikin waɗanda suka ɗauki dutse a ka. Jera duwatsu a gona don tare ruwa, abin da mutanen Adar ke kira gandari, ya girmi kowane aiki na Turawa, kuma a ƴar gonarta na ga yadda ake riƙon sa. Duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, da asuba tana bin layin daga wannan kai zuwa wancan. Inda ruwa ya ture dutse biyu, nan take ta mayar. Na taɓa ce mata, "Inna, ai jiya kika duba." Ta ce, "Jiya an yi ruwan daren jiya?" Ƙofar da ta kai tafin hannu yau, in an bar ta, kafin ƙarshen damina ta zama kwazazzabo. Mutanen Majiya ta wajen Buza, inda aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 tare da ƙungiyar CARE don karya iska, su ma sun san haka: inda aka sare aka bar giɓi, ta nan iska ke matsowa da ƙarfin da ya fi na fili.

Sai muka rushe muka sake. Muka zubar da yawancin manyan gwaje-gwajen, muka bar guda biyar na hanyoyin da kuɗi ke bi. Sauran muka mai da su ƙanana masu gudu, duka su ƙare cikin minti biyu, don gwajin da ya fi haɗa shayi daɗewa ba mai jiran sa. Na farko da na rubuta da hannuna, a gaban kowa, shi ne na dala ashirin. Da gangan na fara, domin in babba bai durƙusa ya ƙirga iri ba, yaro ba zai yi ba. Muka yi alkawari uku. Duk ƙwaron da aka kama, kafin a kashe shi sai an rubuta gwajin da ke kama shi, don kada ya dawo ta bayan gida. In layi ya yi ja, ba mai ɗora sabon aiki sai ya koma kore, kuma ba a tambayar wa ya ɓata, ana tambayar wa ke kusa. Gwajin da ke faɗuwa yau ya tashi gobe ba dalili, ko a gyara shi cikin satin ko a cire shi.

Tambayoyin da muke yi wa manhajarmu ba a littafin Amurka muka same su ba. Me zai faru in layin waya ya ɗauke ana tsakiyar aikawa, kamar yadda yake yi da ka gangara kwari? In batir ya mutu bayan an karɓi kuɗi kafin a ba da shaida fa? In an rubuta sunan gari da ƙ mai lanƙwasa, wani ya neme shi da k, zai fito? In mutum uku a ƙauye ɗaya suna da suna ɗaya, sunan uba ɗaya? Kowace tambaya a nan wani ya taɓa shan wuyarta, shi ya sa ta samu gurbi.

Ban ce mun tsira ba. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan gyara, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka koma biro da takarda. Suna da na'urar tantancewa, amma ita kanta tana da ƙwaro, ta bar gyaran ya wuce, kuma aka tura wa kowa a lokaci guda. Dijkstra bai yi ƙarya ba. Tsumman Baba ma bai taɓa gaya masa ko ƙwari za su sauka a ganye ba, ko nawa buhu zai yi a kasuwa. Tambaya ɗaya yake amsawa, wadda aka yi masa. Shi ya sa yanzu ko komai ya yi kore, wayar wakili ɗaya muke fara ba sabon gyara, ya yi kwana uku da shi, kafin sauran su gani.

Bara da kaka na je gida. Idon Baba ya yi rauni, jikansa ke riƙe tsinken, shi yana bin sahun da ɗan yatsa. Na buɗe kwamfuta na nuna masa, don in burge shi. Na ce, "Baba, ga nawa tsumman. Tambaya ɗari huɗu da wani abu, duka kore."

Ya matso da fuska kusa da allon, ya daɗe. Ya ce, "Kullum haka yake, kore?"

Na ce, "Kullum."

Ya ce, "To in bai taɓa yin ja ba, ta ina ka san yana gani?"

Daren nan, a kan tabarma a tsakar gida, na shiga ɓata manhajar da gangan, layi bayan layi, ina kallon wa zai yi ihu. Na mai da biyar ɗin dala shida, ja ya tashi nan take, na ji daɗi. Na ci gaba. Kafin batir ya ƙare na samu guda uku da ko me na lalata suna nan kore shar, suna murmushi kamar maigadin da ke barci da ido buɗe. Ɗaya a cikinsu ni na rubuta shi.

Da safe na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya miƙo mini butar, ya nuna gindin randa da haɓa.